Farar Rigar Sa'a

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar da Majo ya miƙa wa Sa'a farar riga a gabana ba. Ku 'yan baya da kuka tarar da ni na aje tsintsiya, ku saurara.

Shekarar korona ce, cikin bazara. Ni ce babbar mai shara a gidan likitan garinmu, nan wajen Gangara. Majo shi ne shugaban malaman jinya, daga shi sai ungozoma, sai mai sayar da magani, sai mu. Majo nawa suka zo suka tafi, duk ni na nuna musu inda makulli yake. Ita kuwa Sa'a, a ɗakin haihuwar nan aka haife ta, ni na wanke zanen uwarta. Ba ta daɗe da kama aiki ƙarƙashina ba.

Da safe Majo ya tara mu, ya ce cutar nan tana iya bin kuɗi, tunda hannu dubu ke taɓa su. Ni ban yi musu ba. Na san inda matan ƙauye ke aje kuɗi: ƙullin bakin zane, cikin rigar mama, wata ma ta cafke silalla da baki in tana gyara goyo. Ya ce daga yau za a aje tebur a ƙofar ɗakin magani. Silalla a jefa su cikin kwanon ruwan jabel, wannan mai warin da muke wanke ƙasa da shi. Na takarda kuwa ba a jiƙa su, sai a bi su da dutsen guga mai gawayi, sannan su shiga akwati. Mai wannan aiki za a ba ta farar riga, da safar hannu, da takunkumi.

Har na gyara ɗaurin kallabi. Sai na ji ya ce, "Sa'a, zo ki karɓa."

Ni kuma aka ce in koma bayan gida, wajen shanyar zannuwa, can inda ba mai wucewa sai awaki.

Ranar kasuwa na leƙo ta jikin katanga. Ga Sa'a zaune kan kujera, fara fat, tana guga kamar matar prefe mai mulkin gunduma. Wata tsohuwa daga Gangara har ta durƙusa ta ce mata, "Sannu likita." Likita! Yarinyar da ni na koya mata matse tsumma. Kuma gugar ma ba ta iya ba, wuta ta yi yawa, ina jin ƙaurin takarda daga inda nake.

Na ce, "Likita, a rage gawayi, kada a toya wa gwamnati kuɗi."

Ta yi dariya cikin takunkumi. "Inna Tabawa, zo ki gwada rigar mana, ko hannu guda."

"Riƙe abarki, ɗiyata. Ni fatata ta ishe ni."

Amma abin ya ci ni. Tuwo ma ya daina mini daɗi. Da na gaji na sami Majo a buro, ofishinsa, ban ko zauna ba.

"Majo, sata na yi ko hannuna ne ke rawa?"

"Ko ɗaya, Inna."

"To don me yarinya ke gaba, ni ina baya da awaki?"

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Inna, cutar nan tsofaffi take kayarwa. Duk mai tari a teburin nan yake tsayawa, ya buɗe baki ya miƙo kuɗi. In na zaunar da ke can kika kwanta, me zan ce wa 'ya'yanki? Uwata ma da take gida na hana ta zuwa kasuwa."

Na zo da faɗa cike da baki, ya rasa mafita. Abin da na iya cewa kawai, "Wa ka kira tsohuwa?" Ya yi ta dariya har da tari, na ce to ga wanda ya kamata a kai bayan gida.

Cuta ta wuce, aka ɗauke tebur. Hannun Sa'a duk ya sassaɓe, don jabel na shiga ta yagewar safa, ni na riƙa shafa mata man kaɗe. Ba ta da laifi, yarinyar kirki ce.

Abin da na koya a aikin nan, babba zai iya tura ka baya don yana son ranka, kuma ba zai gaya maka ba sai ka je ka tsare shi. Majo ya tsare ni, na gode mishi, har yau ina sa shi a addu'a. Amma da ya tambaye ni tun farko, wallahi rigar zan zaɓa.