Ranar da Na Ga Hannun Yayana Ɗinke da Cikinsa

Ina ɗaga mayafi a gadon asibiti na ga hannun yayana Bala ɗinke a jikin cikinsa. Da zare fa!

Farfelar injin jirgin ruwa ta sale masa bayan hannu a Warra, har ƙashi ya fito. Asibitin farko cewa suka yi a yanke. Masunci ba hannu, mi ya rage? Shi ya sa aka kawo shi wanga asibiti.

Kun san bakina. Na tare likita: "Malam, mutum muka kawo maka ko buhun albasa? Duk karance-karancena ban taɓa jin wanga ɗinki ba!"

Ya yi dariya. "Samari, fatar cikinsa muka lulluɓa wa hannun. In na yanke ta yau za ta mutu, don cikin ke ba ta jini. Sati uku ta kama, mu raba su. Ana yaye ɗa ranar suna?"

Na mayar da mayafin na rufe shi.

Wata biyar ke nan. Jiya na iske Bala bakin ruwa yana gyaran taru da hannun nan, har da gashin ciki a bayan hannun. Inna sai shafawa take tana salati.

Ikon Allah! Cikinku wa ya taɓa ganin irin wanga aiki?