Kasa a Kwandon Tumatur

Ko na tsufa, ranar nan ta bazara a lambunmu na bakin kogin Haɗeja ba za ta fita daga raina ba. Ina aji biyar a firamare lokacin.

Ni ce 'yar fari, don haka Baba ba ya kiran sunana, ni ma ban taɓa yi masa magana ba sai gaisuwa, kaina a ƙasa. A ɗakin Kaka na tashi. Ran nan ita ta aike ni in kai masa fura.

Zafi ya yi zafi, kogi ya ja baya, kwaɗi duk sun dawo fangalin albasarmu saboda laima. Baba ya tsinke tumatur ya cika kwando, ya rufe shi da jiƙaƙƙiyar ciyawa kada rana ta dafa shi. Na ajiye furar na zauna gefe ina kallon ƙasa, yadda na saba. A nan na ga wani sawu mai faɗi a taɓo, kamar an ja buhu. Ya nufi kwandon, bai fita ta ɗaya gefen ba. Sai ciyawar ta ɗago a hankali, ta koma. Babu iska.

Baba ya naɗe gammo, ya taho yana hira da maƙwabcinmu ta saman shinge. Na buɗe baki, kunya ta shaƙe ni. Wallahi har na fara tunanin in ruga gida in gaya wa Kaka! Baba ya sunkuya kan kwandon, ya miƙa hannu.

"Baba, kar ka taɓa!"

Ban san muryata tana da ƙarfi haka ba. Ya tsaya cak. Da ƙotar fartanya ya ɗaga ciyawar, sai ga macijiya, kasa, a naɗe, kaurinta ya kai dantsensa, tana huci. Maƙwabcin ya tsallako yana salati, suka kashe ta.

Baba ya daɗe yana kallon hannunsa. Bai dube ni ba, sai ya ce wa maƙwabcin, "Malam, ashe yarinyar nan tana magana."

Har yau ina da kunya. Amma tun ranar na gane akwai inda ake ajiye ta, don da na ƙara yin shiru na numfashi ɗaya, da na rasa uba.