Kafiretar da Na Sa Aka Canza

A da, mota takan faɗi ciwonta da bakinta, bakanike ya kara kunne ya ji. Yanzu na'ura ake jona mata kafin a san abin da ke damunta. Tawa ta zamanin da ce, 'yar ƙarama mai ƙofar baya da ake ɗagawa sama, ta kai ni Yamai da Kwatano ba sau ɗaya ba.

Da ta tsufa sai ta koyi wani hali: in ta ɗau zafi ta yi ta shessheƙa, ta mutu. Na kai ta wurin bakanikena a unguwar Badariya, dattijo ne sa'ana. Ya cire tiyon mai ya ce in tayar, ya tsaya yana kallon yadda man ke fitowa.

"Alhaji, famfon mai na," in ji shi. "In ya yi zafi ba shi turo mai."

Ni kuwa na taɓa ganin mota mai irin wannan shessheƙa a Kwatano, aka canza mata kafireta, wato inda mai ke haɗuwa da iska, ta warke. Na ba shi labarin, har da sunan abin da Faransanci.

Ya yi dariya. "Motag ga Hausa taka ji, Alhaji."

Na kafe. Ko Ibon da ke sayar da kayan gyara, da ya miƙo mini wata 'yar gwanjo, sai da ya ce, "Baba, ka tabbata ita ce?" Bakaniken bai sake musu ba. A nan ba a ja da mai furfura sau biyu, ko da kai ma kana da ita. Ya ɗaura, ya ce Allah ya sa a dace. A cikin gari kuwa ta yi lafiya lau, don daga gida zuwa masallaci ba ta kai ga yin zafi.

Bayan mako uku, da hantsi, ɗan yayana ya kira daga Argungu. Yaya ya cika, za a yi jana'iza bayan Azahar. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, kuma ya sha gaya mini cewa ni yake so in shiga kabari in karɓe shi. Na duba agogo, na ga ina da lokaci har da rara.

Na wuce Ambursa kaɗan motar ta fara shessheƙa, ta tsaya. Na ɗaga bonet ina kallon sabuwar kafireta, tsaf da ita. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya da babur ɗinsa ya ce in hau ya kai ni. Kafin in amsa na murɗa makulli, ta tashi. Na yi masa godiya na sallame shi. Wannan sallamar ita na fi tunawa.

Ba ta yi nisa ba ta sake mutuwa. Na jiƙa hankici da ruwan butata na ɗora wa famfon, na jira, ta ɗan taɓa tafiya, ta tsaya. Motocin hayan da suka wuce duk cike suke, babura kuma ɗauke da buhunan shinkafa. Na kira bakaniken.

"Nemi galan da tiyo," ya ce. "Ɗaure galan bisa rufi, mai ya gangaro da kansa." Bai ce ai ya gaya mini ba. Da ya faɗa, da na fi samun sauƙi.

Na gangara fadama da babbar riga, ina nutsewa a laka, har na iske wani manomi kusa da injin ban ruwa. Da ya ji inda za ni, ya kashe injin, ya ɗauko galan ɗinsa na fetur, ya yanko tiyo. Muna cikin ɗaurewa da igiya na ji kiran salla daga wani ƙauye.

Waya ta yi ƙara, ɗan yayana ne. "Baba, kana ina? An yi sahu. Liman ya ce da zafin nan ba a ajiye shi."

Na san gaskiya ce. Ni ma na sha faɗa wa wasu haka. Ina jin harshe biyar, amma babu wanda zan roƙi jinkiri da shi.

"Ku kai shi," na ce.

Da galan a kan rufi motar ta tafi ba ko tari, a hankali, har Argungu. Na iske mutane suna dawowa daga maƙabarta, ɗan yayana da jar ƙasa a gwiwoyin wandonsa. Shi ya shiga kabarin.

Daga baya aka canza famfon, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Motar tana nan ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gida, lafiyarta ƙalau. Tun daga ranar ban sake tuƙi ba, kuma ban sake gaya wa mai sana'a yadda zai yi aikinsa ba.