Katin da Yaya Batulu Ta Ce Ya Ɓace

Bana shekara bakwai ke nan da aka fita da Yaya Batulu daga gidanmu na Kurayyat, fitar da babu dawowa. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. A nan Jidda aka haife mu, iyayenmu Hausawan Sudan ne, amma har gobe a takarda baƙi ne mu, zamanmu a rataye yake da iƙama, wato takardar izinin zama. Da mijina ya rasu ya bar ni da Rukayya tana goye, Yaya ce ta kwaso mu. Ita aurenta ya daɗe da mutuwa, kuma ba ta haihu ba. Sai gida ya zama mata biyu da yarinya ɗaya.

Shekara goma sha huɗu tana riƙe da ɗakin karatu na wata makarantar kuɗi ta ƙananan yara. Makarantar ce kafilinta, wato ita ta tsaya mata a kan iƙama, kuma albarkacin Yaya Rukayya ta samu gurbi a can. Mace ce mai tsari har ya yi yawa. Na sha tsokanarta cewa ko barkono da kanumfari sai ta jera su bisa harafi. Kowane littafi yana da kati a aljihun bangonsa na baya, duk yaron da ya ara sai ta rubuta sunansa a kai da hannunta.

Wata shekara wasu Turawa da za su koma gida suka bar wa makarantar kwalin littattafan yara. Ta buga musu hatimi ta jera. A ciki akwai wani mai hotuna, labarin yarinya da iyayenta biyu, dukansu mata. Rukayya tana da shekara bakwai ta zo da shi gida tana murna, ta buɗe a cinyar Yaya ta ce, "Inna, shufi, duba, ga ni, ga ki, ga Mama." Ni ba na karanta Turanci, dariya kawai na yi. Yaya ma hotunan ta leƙa tana tsinke ganyen mulukiyya. Yarinya ta ga gidansu a littafi, abin da ba ta taɓa gani ba, don haka ta are shi har sau uku.

Bayan 'yan watanni wani uba ya kawo ƙara. A ranar aka cire littafin, kuma Yaya ba ta yi musu ba. Da bakinta ta gaya mini cewa da ta zauna ta karanta shi, da ba ta ɗora shi a kanta ba. Da a nan aka tsaya, da yau ban ɗauki alƙalami ba. Sai mudira, wato shugabar makarantar, ta ce kwamiti na son katin, a san yaran da suka karanta, a kira iyayensu a yi musu nasiha.

Nasiha kalma ce mai daɗi, amma mun san garin da muke. Sunaye huɗu ne a katin, na Rukayya ya fito sau uku. Mata biyu baƙi, babu namiji a gida, ga 'yarsu ta nace wa irin wannan littafi. Ba wanda zai nemi hujja. Baki shi ke yanka wuya, kuma wuyan mai iƙama siriri ne. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Washegari Yaya ta ce katin ya ɓace. Mudira ta dube ta ta ce, "Ya Batul, shekara goma sha huɗu ko allura ba ki ɓatar ba."

Ta ce, "To, yau na ɓatar."

Aka ce ai tana iya tuna sunayen, ta ce tsufa ya zo. Matar da ke tuna lambar kowane kanta! Ƙarshen shekara aka ce halas, an gama, ba za a sabunta mata aiki ba. Da ƙyar ta samu wani kafili a shagon turare a kasuwar Balad. Rukayya kuwa muka sauya mata makaranta shiru. Shekara biyu bayan nan hawan jini ya ɗauke Yaya.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Wata tsohuwar abokiyar aikinta ta gaya mini cewa yanzu ba a jiran ƙara. Littafi ko launin bangonsa ya yi yawa sai a janye shi. Ta ce har wani labari na maraya da goggonninsa biyu suka rena an kwashe, don gudun abin da wani zai zata. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Amma ba wannan ne ke hana ni sukuni ba.

A makarantar da Rukayya take yanzu babu kati. Yaro zai miƙa shaidarsa, na'ura ta yi ƙara, shi ke nan an rubuta. Duk littafin da ta ara sai saƙo ya shigo wayata. A zangon da ya wuce aka turo wa iyaye sanarwa cewa an janye wasu littattafai, kuma za a tuntuɓi waɗanda 'ya'yansu suka taɓa aronsu. Sunanmu bai fito ba. Na maƙwabciyata ya fito, kuma tun daga ranar ɗanta bai sake taka ɗakin karatu ba.

Tun bayan sadakar arba'in ɗin Yaya na ga katin, a naɗe cikin gwangwanin zare da allurarta. Ban yi mamaki ba, Yaya ba ta iya yar da takarda. Sauran yara ukun duk na san iyayensu. Uwar ɗaya muna haɗuwa a kasuwar Balad, mu gaisa, ta ce Allah Ya jiƙan Batulu, ba ta san abin da aka ɗauke mata ba, ni kuma ba zan faɗa ba.

Yaya ba ta bar gida ba, ba ta bar ɗa ba. Abin da ta bari yara huɗu ne da suka girma babu wanda ya nuna su da yatsa. Ƙarya ta yi, ta kuma yi ta istigfari a kanta har ta koma ga Mahaliccinta. Allah Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta. Ni dai duk sa'ad da saƙon makaranta ya shigo wayata sai gabana ya faɗi, domin na'urar nan ba ta tsufa, ba ta mantuwa, kuma ba ta da 'yar ƙanwa.