Baba Mamman da na'urarsa ta awon danshi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tsaye bakin titi a Gwadangaji ina jiran napep in tafi aiki, sai wayata ta yi ƙara. Aminu ne, babban ɗan Injiniya Mamman, daga Argungu. Ya ce, "Yaya Sanusi, Baba ya cika bayan asuba."

Ban san abin da na amsa masa ba. Napep uku suka tsaya suka wuce ina riƙe da waya a kunne.

Yanzun nan na dawo daga jana'iza. Rubutun zai yi tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe. Akwai maganar da ya kamata in yi tun shekarun baya, ban yi ba, kuma da ita aka rufe bawan Allahn nan yau.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Mamman shi ne injiniyan na'urori a 'yar masana'antar takarda da nake aiki a bayan gari. Tsofaffin kwalaye muke saye, mu jiƙa su a dama har su zama kamar kunu, inji ya shimfiɗa kunun, ya bi ta kan manyan ganguna masu zafin tururi ya bushe, ya fito takarda ruwan ƙasa a naɗe. Masu yin kwali su saya su yi sabon kwali. Da yawan kwalayen da ake zuba busasshen kifi a ciki a kai Kudu, takardarmu ce.

Shi ya kawo ni wurin. Na gama makaranta ina zaman kashe wando a majalisa, ya gan ni ina gyara wa wani fanka, ya tambaye ni ɗan wa ne. Sati biyu bayan nan na fara aiki.

Mutum ne da ba ya ganin takarda ya ƙyale. Ka ba shi katin ɗaurin aure, kafin ya karanta sunan ango ya ɗaga shi sama ya duba ta rana, ya murza gefensa. Har takardar da mai tsire ya naɗe mana nama sai da ya taɓa yagawa ya ce ba ta da kauri ɗaya. Muka yi ta yi masa dariya, shi ma yana yi.

Ranar Litinin kuwa ba ya dawowa daga Argungu hannu sake. Soyayyen kifi ne a leda, ya ajiye a ɗakin kula da inji, kowa ya yaga. Ni yana ware mini kai, wai ko zan ƙara hankali.

Ranar da bututun tururi ya ƙone mini hannu, shi ya goya ni a tsohon babur ɗinsa zuwa asibiti, yana tuƙi yana yi mini faɗa har muka isa. Sarkin Gaggawa yake kirana. Sunan ya bi ni har gida.

Amma abin da ya fi so a duniya bayan iyalinsa, wallahi ina jin na'urar nan ce.

Shi ya matsa har aka sayo ta, shi ya kafa ta da hannunsa. Wani kai ne na ƙarfe da ke zirga-zirga a kan takardar tana fitowa, daga wannan gefe zuwa wancan, yana auna danshinta da kaurinta. Idan danshi ya yi yawa, ita da kanta za ta ƙara tururi. Idan tururin bai isa ba, sai ta rage gudun inji don takardar ta samu ta bushe. Komai yana fitowa a allon kwamfuta.

Kuma bai yarda da ita ido rufe ba. Kullum da safe sai ya yanki ɗan ƙyalle na takarda ya aza a sikeli, ya busar da shi a ɗan murhun lantarki, ya sake aunawa, ya gwada da abin da na'urar ta nuna. Kullum. Har mukan ce Baba ya fi ba ta abinci a kan lokaci fiye da kansa.

Ya taɓa ce mini, "Sanusi, wagga na'ura ba ta san manaja ba, ba ta san mai mota shina jira ba. Abin da tag gani shi taka hwaɗi."

Mu kuwa ma'aikata ba ma son ta, gaskiya. Kana cikin gudu kana ganin za ka tashi da wuri, sai ta ja maka birki.

To, ga abin da ya faru.

Wata Juma'a ce a tsakiyar damina. Ba a daɗe da ba ni shugabancin masu aikin rana ba, kuma Baba Mamman ne ya tsaya mini har aka ba ni. Ɓuntun shinkafar da muke hura tukunyar tururi da shi ya sha ruwan sama, wuta ta ƙi kamawa sosai, tururi ya yi rauni. Na'ura ta ga takarda ba ta bushewa, ta rage gudu, inji ya koma tafiyar hawainiya. Ga babbar mota a tsakar gida tun safe tana jiran kaya, direba yana leƙowa yana duba agogo. Baba ya riga ya wuce Argungu bayan an sauko daga masallaci, kamar yadda ya saba.

Na shiga ɗakin kula ni kaɗai. Na cire injin daga oto, wato daga hannun na'urar, na mayar da shi manuwal a hannuna, na ƙara gudu. Ƙararrawa ta fara kuka, na kashe ta. Na taɓa takardar da hannu na ce wa kaina ai ba laifi, za ta ƙarasa bushewa a hanya.

Kafin la'asar sakaliya mota ta tashi. Na mayar da komai yadda yake. Har manaja ya dafa kafaɗata ya ce na yi ƙoƙari.

Bayan kamar sati biyu ƙara ta iso. Kwalayen da aka yi da takardar nan sun yi laushi, sun yi fumfuna. An jera su cike da kifi a mota, na ƙasa suka durƙushe, kayan mutane suka lalace a hanya. Masu kwali suka ce sun bar sayen takardarmu.

Aka kira taro. Kowa bakinsa ɗaya: na'urar Injiniya ce ta yi ƙarya, ta nuna takarda ta bushe alhali ba ta bushe ba. Dama ana jin haushinta, sai aka samu abin faɗa. Manaja ya juyo ya tambaye ni ko na ga wani abu ranar. Na ce ban ga komai ba.

Da bakina na faɗa, Baba Mamman yana zaune kusa da ni.

Abin da sauran ba su sani ba, kwamfutar tana rubuta duk lokacin da aka taɓa makunnin oto da manuwal, da awa da minti. Shi ya koya mini inda ake dubawa. Kuma da safen ranar taron na gan shi zaune gaban allon, ya buɗe shafin wannan Juma'ar, ya daɗe yana kallo. Da na shigo ya rufe, ya ce mini ina kwana.

A taron bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Cewa ya yi, "Ni ad da alhakin awo gidan ga. In an samu matsala, a aza mini."

Ya san halin da nake ciki. Matata na da tsohon ciki, mahaifiyata na kwance. Ya san idan ya buɗe shafin nan, ranar zan bar wurin, kuma ba wata masana'antar da za ta ɗauke ni.

Ƙarshen wata aka sallame shi, aka ce shekaru sun ja. Aka kashe na'urar aka rufe ta da tamfol. Ni na riƙe masa kwalin littattafansa har bakin get, ina cewa Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Kunya ba ta kashe ni a wurin ba.

Na yi ta cewa zan faɗa. In matata ta sauka lafiya zan faɗa. In Inna ta samu sauƙi zan faɗa. Yaron da aka haifa yanzu yana zuwa makaranta.

Shi kuwa bai fasa komai ba. Ranar suna ya zo da turmin atamfa. Da Inna ta rasu ya kwana uku yana zama da mu a ƙofar gida. Duk sallah sai ya kira, ya ce, "Sarkin Gaggawa, an yi salla lahiya?" Kirkinsa ya fi yi mini ciwo fiye da a ce ya zage ni.

Ganina da shi na ƙarshe, bayan girbin shinkafar rani ne. Na shirya takanas na tafi Argungu don in yi maganar. Tun daga tasha nake maimaita abin da zan ce.

Na same shi a rumfarsa kusa da gulbi, inda ya koma gyara wa manoma injin ban ruwa. Ya rame, amma ya tashi ya shimfiɗa mini tabarma da kansa, ya aika aka kawo fura.

Tambayarsa ta farko bayan gaisuwa, "Na'urar nan, ana kunna ta kuwa?"

Na ce ana kunnawa. Ƙarya ce. Tana nan a rufe har yau, gizo-gizo ya yi saƙa a kanta.

Ya yi murmushi, ya ci gaba da goge wani ƙarfe da tsumma. Can ya ce, "Aiki kam an yi an gama, Sanusi, na tsuhwa. Abu guda ka damuna. Har yau in anka yi zancena, sai a ce na'urata ta yi ƙarya. Ni ko tun ina saurayi nike awo, ban taɓa rubuta abin da ban gani ba."

Sai ya ajiye tsumman ya dube ni. Jira yake yi.

Jama'a, kun san abin da na ce? Na ce, "Allah ya kyauta, Baba." Sannan na tambaye shi ko kifi ya yi araha bana.

Ya ce ya yi araha. Ya raka ni har bakin hanya, ya sa aka ƙulle mini kifi a leda in kai wa yara. A mota na ce wa kaina ba komai, zan dawo bayan sallah in yi maganar a natse.

Yau bayan an dawo daga maƙabarta muna zaune ana karɓar gaisuwa, wani tsohon abokin aikinmu ya miƙa wa Aminu hannu. Da kyakkyawar niyya ya yi maganar, na sani. Ya ce, "Allah shi jiƙan Injiniya, mutumin kirki na. Na'urar nan tashi dai ta ta cuce shi."

Aminu ya sunkuyar da kai ya ce amin. Na ga alamar ba yau ya fara jin wannan maganar ba. Ashe 'ya'yansa ma da ita suka tashi, cewa aikin babansu ne ya lalata kayan mutane.

Ko a nan ban iya buɗe baki ba. Na tashi na fito.

Shi ya sa nake rubutawa a nan, inda manaja yake gani, abokan aiki suke gani, masu kwali suke gani, kuma ba zan iya janyewa ba.

Na'urar ta faɗi gaskiya ranar. Ta ce takarda ba ta bushe ba, ta rage gudu, ta yi ƙara. Ni Sanusi na cire ta daga oto, ni na kashe ƙararrawar, ni na sa aka loda jiƙaƙƙiyar takarda a mota. Shafin yana nan a kwamfuta, gobe da safe zan buɗe wa duk mai son gani. Abin da za a yi da ni a yi.

Kafin in saki rubutun nan na kira Aminu na faɗa masa komai. Ina ta jin hayaniyar masu gaisuwa a bayansa har na gama. Sannan ya ce, "Baba bai taɓa gaya muna ba. Ko Innarmu ba ta sani ba." Ya ce zai kira ni, ya kashe wayar.

Bai ce sun yafe ba. Ban ga laifinsa ba. Wanda zai ce mini ya yafe cikin sauƙi, har ya haɗa da tsokana, shi ne na bari ya tafi yana jira.

Ya Allah ka jiƙan Baba Mamman, ka yalwata kabarinsa, ka sa rufin asirin da ya yi mini ya zama nauyi a mizaninsa. Ka ba iyalinsa haƙuri. Ni kuma ka yafe mini, ka sa ya yafe mini ranar da za mu tsaya.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce ƙafa uku. Kuma idan ka taɓa jin an ce awon Injiniya Mamman ya yi ƙarya, ko kai ma ka taɓa faɗa, ka koma wurin wanda kuka yi zancen da shi ka gyara. Shi ba zai ji ba, amma 'ya'yansa suna nan.