Famfon Hanwa da Filin Kawu

Ana idar da sallar asuba muka hau bas daga Samaru zuwa Sabon Gari duba kayan sola, mu uku: ni, da shugabar ƙungiyar matan layinmu, da wata malamar coci wadda ta fara kawo mana maganar sola. Wata takwas muna zama a kan maganar famfon burtsatse mai aiki da hasken rana, ni dai na gaji da zaman. Kawuna ya ce ya ba da gefen filinsa kyauta a haƙa. Kowa ya sa masa albarka ban da ni. Mutumin da ko goruba bai taɓa ba ni ba.

A Palladan kwandasta ya cusa mana mai kwandon tumatir, sai Kwangila na samu na miƙe ƙafa. Mun karya da koko da ƙosai a Sabon Gari, ƙosan duk mai.

Mai shagon da aka kwatanta mana ɗan kudu ne, ya jingina faifan sola biyu a bango, ya rantse sababbi ne fil. Na juya ɗaya, sai ga busasshen kashin tsuntsu a gefe.

"Oga, a kamfanin tsuntsaye ke kwana?"

Ya yi dariya ya ce zai yi mana ragi. Ba ragi na tambaya ba. Muka fita.

A hanyar dawowa muka sauka Hanwa, don an ce akwai irin famfon da muke so, na jama'a. Mun same shi kuwa: bayan katanga, da ƙofar ƙarfe, da kwaɗo. Wata mata na zaune a gindin ƙofar da bokitai uku, wai mai filin ya fita da makulli.

"Mu muka haɗu aka yi shi," in ji ta. "Da aka sace faifai ɗaya sai ya ce bari ya kewaye saboda ɓarayi. Har godiya muka je yi masa."

"Ba ku rubuta takarda ba, Yaya?" na tambaye ta.

"Wace takarda, ƙanwata? Maƙwabci ne fa."

Shugaba ta dube ni, na kau da kai. Muka koma bakin titi muka hau bas.

Da la'asar muka iso gida, na tarar an jibge bulo a filin Kawu.

"Kawu, wannan bulon fa?"

"Ke kin cika tambaya. Kayan jama'a ai sai an killace."

A taron washegari na ce ba za a haƙa ko taku ɗaya ba sai an rubuta a gaban mai unguwa cewa filin ya zama na ƙungiya, kuma ba katanga. Kafin magariba Kawu ya janye kyautarsa.

Abin da na gano a tafiyar nan, faifan sola ana samunsa a kasuwa ko da tsohon ne. Filin da mai shi zai saki da gaske ne babu. Har yau wurin 'yan ga-ruwa muke sayen ruwa, Kawu kuma ba ya amsa gaisuwata. Bulon ya gina wa kajinsa ɗaki da shi, da kwaɗo a ƙofar.