Gwiwata da Bayan Surukina

Salamu alaikum. Tun damina biyu ba ku ji ni ba, har wasu a Gwashi sun fara cewa marigayi. Ina nan. 'Yata Hajara ke danna wayar, ni ke faɗa.

Gwiwa ce ta fara. Ta kumbura, ta yi zafi, sannan yatsu suka bi, fartanya ta gagare ni riƙewa.

Na ce mugun jini ne. Wanzami ya yi mini ƙaho, ya ƙara da sakiya. Ruwa kaɗan ya fito, wurin ya ruɓe. Har yau bai zo gaishe ni ba, ku faɗa mishi na ce.

Aka kai ni asibiti a Gusau, ragunana suka tafi kasuwa. A ɗibi jini, a ɗau hoto, a zuƙe ruwan gwiwa da allura. Na ji tsoron a ce yankewa.

Likita ta ce: "Baba, jiki ne ke kunna kumburi don yaƙar cuta. In an gama, cikin ƙwayoyin jiki ana ɗaura wa masu hura wutar alama, kamar tsumman da ake ɗaura wa tunkiyar da za a fitar. Naka ba a fitar da su, sai suka koma cin gaɓoɓinka."

Na ce mata ni ba tunkiya ba ne.

Ɗakin maza mata ba sa jinya. 'Ya'yana maza suna wajen haƙar zinari. Wanda ya rage shi ne mijin Hajara, mutumin da bai taɓa ganin ina cin abinci ba, wanda nake fushi da shi kan iyakar gona.

Na riƙe cikina har ya fi ƙarfina. Surukin nawa ya duƙa ya ce: "Baba, hau. Ni ba ni ganin komi."

Ya goya ni zuwa bayan gida. Ya riƙe buta. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Yanzu alhamdu lillahi, da sanda nake zuwa da kaina, ina shan magani ba fashi. Allah Ya saka wa likita da duk wanda ya yi addu'a.

Gaɓa in ta kumbura ta yi zafi, kada a kai mata ƙarfe. A je a gwada jini tun ƙafa tana ɗaukar mai ita.

Surukina kuwa, in na hango shi, hanya nake sakewa. Hajara, rubuta mishi na gode. Bakina ba zai iya ba.